Sakan Shida Kafin a Rufe Gwanjo: Wata Huɗu Ana Farautar Kaset Ɗaya Daga Kaduna

Mutumin da wannan nazari ya shafa mai gyaran waya ne. Shagonsa yana cikin wata filaza a titin Ahmadu Bello, gidansa kuma a Tudun Wada. Kowa Injiniya yake ce masa, ni ma da haka zan kira shi. Tare muka taso. Daga Fabrairu zuwa Mayun 2024 ya shiga gwanjo huɗu a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, a kan abu guda: kaset ɗin ƙwallo na International Superstar Soccer Deluxe na tsohuwar na'urar gem ta Sega Mega Drive, da gidansa na roba da ɗan littafinsa. Uku sun kuɓuce masa, kowanne da irin tasa hanyar, na huɗu ya samu. Ina zaune kusa da shi a biyu daga ciki, sauran biyun kuma tarihin tayin na gani a wayarsa.

Wanda bai yi yarinta a Kaduna a 1996 ba, zai ce wannan wauta ce. Shekarar ce Najeriya ta doke Brazil 4 da 3, ta doke Ajantina 3 da 2, ta ɗauko zinare a Atlanta. Biyu daga cikin ƙwallaye ukun wasan ƙarshe 'yan garin nan ne suka ci, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, ga Tijjani Babangida da Garba Lawal su ma a tawagar. Bayan nan ne muka riƙa cika wani gidan gem da ke bayan layinmu, benci biyu da talabijin mai doro, wanda aka ci ya miƙa fad, wato abin riƙewa a buga wasan. Akwai Najeriya a cikin wasan, sai dai sunayen 'yan ƙwallon duk na ƙirƙira ne, don haka mu muka raba musu sunaye da kanmu. Injiniya ya daɗe da haɗa Mega Drive guda uku daga kayan da ya tsinto a Fanteka da wajen 'yan gwangwan, kasusuwan kwafi kuwa cike suke da durowarsa. Na asalin yake so, mai tambarin Konami, kamfanin da ke da wasan, a jikin allon ciki.

Nau'in Mega Drive na wasan wani kamfanin Jamus mai suna Factor 5 ne ya yi wa Konami aikinsa, kuma kasuwar Turai aka fitar wa, ba ta Amurka ba. Shi ya sa duk farautar a eBay na Ingila aka yi ta, da fam. Hakan ya yi masa daidai, don kaset ɗin Turai tsarin PAL ne irin na talabijin ɗinmu. Katin naira ba ya biyan kaya a waje a lokacin, saboda haka da asusun ƙaninsa da ke aikin jinya a Ingila yake shiga, kaya su sauka a gidan ƙanin, shi kuma ya tura masa naira.

Gwanjon da ba dillali

Mahaifina dillalin shanu ne a Zango, da taya da sallama na girma. A can ciniki ba shi da agogo. Ka taya a ce albarka, wani ya ɗora, ka ɗora, har sai kowa ya yi shiru mai dabba ya ce ya sallama. Gwanjon eBay ya saɓa wa wannan ta fuska biyu, kuma duk dabarun da ake yi daga nan suka tsiro.

Ta farko ita ce agogo. Mai kaya zai zaɓi kwana 1, 3, 5, 7 ko 10, kuma da sakan ɗin ƙarshe ya cika an rufe ke nan, ko da mutum goma na tsaye da kuɗi a hannu. Ta biyu ita ce wakilci. Kuɗin da ka rubuta ba lalle shi za ka biya ba, iyakarka ce kawai, kuma a ɓoye take. Na'urar ce za ta riƙa taya maka kaɗan-kaɗan, daidai abin da zai ɗora ka a sama. Idan ka rubuta fam 40, na bayanka iyakarsa 12, allon zai nuna fam 12 da kwabo 50 da sunanka a kai. (Fens ɗin Ingila kwabo nake ce masa, kamar yadda iyayenmu suka ce zamanin fam da sule.) Matakin ƙarin ma a ƙayyade yake: tsakanin fam 15 zuwa ƙasa da 60 fam ɗaya ne, daga 60 zuwa ƙasa da 150 fam biyu. Idan mutum biyu suka rubuta adadi ɗaya, wanda ya riga shi ke da kaya.

Na farko: Fabrairu

Gwanjon kwana bakwai ne, an buɗe shi da kwabo 99. A rana ta biyu Injiniya ya rubuta fam 40, allo ya nuna 12.50, ya koma kan aikinsa yana murna. Kwana uku ba wanda ya motsa.

Rana ta biyar wani ya shigo. eBay ba ya nuna cikakken sunan mai tayi, harafi biyu ne da taurari a tsakani, sai lambar shaidar cinikin da ya taɓa yi, ta wannan 3 ce kacal. Ya sa 15, na'ura ta ce an fi shi. Ya sa 20, 25, 30, 35, 38, kamar mai laluben ƙofa a duhu, har ya sa 41 ya hau sama. Saƙon ya samu Injiniya yana tsakiyar ɗaga gilashin wata waya. Ya ajiye abin aiki ya rubuta 48. Wancan ya sa 45, ya sa 50. Injiniya ya rubuta 55. Wancan 56. Zuwa daren ƙarshe zancen ya tashi daga kaset ya koma wane ne wannan da zai raina ni. Ya rubuta 62, wancan ya taɓa da 60, sannan ya rufe da 64. Tayi goma sha biyu mutumin ya yi, kuma babu ko ɗaya a ciki da ya fito daga lissafin kansa. Iyakar Injiniya yake bi yana tonowa.

A makon nan fam ta haura naira 2,000 a hannun 'yan canji. Fam 62 ta wuce naira 120,000 tun kafin kuɗin aike, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Washegari da na leƙa shagon ya ce mini, “Malam, wallahi Allah ne ya rufa mini asiri da na faɗi. Me zan gaya wa uwargida?”

Bayan kwanaki sai ga saƙo daga mai kayan ta hanyar da eBay ya tanada: wanda ya ci bai biya ba, ko Injiniya zai karɓa a kan tayinsa na ƙarshe, fam 62? Nan jikinsa ya yi sanyi. Yana iya yiwuwa yaro ne da zuciya ta ɗeba ya kasa biya. Yana kuma iya yiwuwa asusu na biyu ne na mai kayan, ko na abokinsa, aka sa ya tono iyakar Injiniya. Ba mu da hujja a kan mutumin, amma siffar abin mun san ta tun a Zango: wanda ake ajiyewa a gefe yana ɗora kuɗi a kan sa alhali ko igiyar ba zai saya ba. Najashu ke nan, wanda hadisin Ibn Umar ya hana, kuma Imamu Malik ya yi bayaninsa a Muwaɗɗa da cewa ka taya kaya fiye da ƙimarsu ba da niyyar saye ba, don wani ya bi sahunka. Dokar eBay ma ta haramta shi. Injiniya bai amsa saƙon ba.

Abin da ya fito fili a gwanjon nan shi ne, duk wanda ya sa iyakarsa da wuri ya kafa wa wasu bango ne su riƙa ƙwanƙwasa. A takarda bai kamata hakan ya dame shi ba. Tun 1961 masanin tattalin arziki William Vickrey ya nuna cewa a gwanjon da mai nasara ke biyan kuɗin na biyu, abin da ya fi shi ne kowa ya rubuta ainihin ƙimar abin a wurinsa sau ɗaya. Amma wannan lissafin yana ɗauka kowa ya san ƙimar abin a ransa. Mai lamba 3 bai sani ba, kuma gaskiya Injiniya ma bai sani ba, tunda 40 ɗinsa ta zama 62 cikin kwana biyu. Alvin Roth da Axel Ockenfels sun fitar da nazari a 2002 inda suka kwatanta eBay da gwanjon da Amazon ke yi a wancan zamanin, wanda ba ya rufewa sai an yi minti goma ba sabon tayi. Sun tarar jinkirta tayi zuwa ƙarshe ya fi yawa nesa ba kusa ba a eBay, kuma a can ƙwararru sun fi sababbi yin sa. Sun kuma ga ya fi yawa a kayan tarihi fiye da kayan kwamfuta, don a kayan tarihi tayin masani shaida ce cewa abin na gaske ne, ba zai so ya ba da ita kyauta ba. Tsohon kaset a wannan layin yake, musamman yanzu da kwafi ya cika kasuwa.

Wani abokin cinikinsa ne ya fara gaya masa dabarar. Turawa sun ba ta sunan maharbin ɓoye, mu kuma muka riƙa ce mata kwanton ɓauna: kada ka taya ko kwabo, ka sa kayan a jerin abin da kake sa wa ido, sai saura 'yan sakan ka jefa iyakarka gaba ɗaya. eBay bai hana ba. Injiniya dai bai natsu ba sai da ya tambayi malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba, ko wannan bai shiga ciniki a kan cinikin ɗan'uwa ba. Malam ya ce hanin yana farawa ne idan mai kaya ya riga ya karkata ga mai saye sun daidaita, amma kayan da aka baza don a yi ta ƙari ƙofarsu a buɗe take har a rufe, kuma haka Malik ya fassara hadisin. Sai ya ƙara da tambayar nawa ne kuɗin abin wasan. Injiniya ya ce bai kai ga saye ba tukuna.

Na biyu: 16 ga Maris

Wannan ina wurin. Daren Asabar ne cikin azumi, mun dawo daga asham, muka zauna a zaurensa da ragowar kankana. Gwanjon zai rufe ƙarfe 10:05 agogonmu. Ya jera waya biyu a kan tabarma, ɗaya tana nuna ƙidayar lokaci, ɗaya ta tayi. Iyakarsa fam 50, allo yana kan 33.

Kwana biyu kafin nan, ranar 14 ga wata, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ɗin ƙasar nan duk ya koma tafiyar hawainiya. Saura minti goma sha biyu ya sauya daga wannan layi zuwa wancan yana neman mai ƙarfi, sai shafin ya nemi ya sake shiga, ya aika lambar tabbatarwa zuwa wayar ƙaninsa. Ƙanin yana bakin aiki. Kira uku bai ɗauka ba, a na huɗu ya ɗauka da raɗa.

“Yaya, ina cikin ɗakin marasa lafiya fa.”

“Lamba shida ce kawai, don Allah karanto mini.”

Ya samu shiga saura minti biyu. Ya rubuta 50, ya wuce shafin dubawa, ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin tabbatarwa yana kallon ɗaya wayar. Ina jin numfashinsa. Na ce ya danna a goma, ya ce a'a, za su gani. Ya danna a uku. Ɗan da'irar nan ta shiga juyawa, ta juya, ta juya, sannan shafin ya buɗe da cewa an rufe. An sayar a fam 44.

Ya yi ta maimaita cewa da ya shiga da ya samu a 45. Wannan kuskure ne da kusan kowa ke yi, kuma sai da muka yi gardama a kai har sha ɗaya ta wuce. Fam 44 ba iyakar wanda ya ci ba ce, iyakar na biyu ce da ƙarin fam ɗaya. Wanda ya ci zai iya kasancewa ya rubuta 46, zai iya kasancewa 70. Da tayin Injiniya ya shiga, watakila abin da zai yi kawai shi ne ya sa wani Bature ya biya 51. Farashin da aka rufe da shi ba ya gaya maka nawa za ka ci da shi, abin da yake gaya maka shi ne inda na biyu ya gaji.

Darasi na zahiri kuwa shi ne sakan uku na mutumin Landan ba shi ne sakan uku na mutumin Tudun Wada ba. Ƙidayar da kake gani a waya ita kanta tana iya zama a baya, tayin kuma sai ya bi eriya, ya gangara Legas, ya ratsa teku. Kuma jiran bai da amfanin da ake zato. Abin da ake gudu shi ne ɗan Adam ya ga an fi shi, ya yi tunani, ya rubuta sabon adadi, ya tabbatar. Wannan ba ya yiwuwa a sakan takwas. Duk abin da ka rage ƙasa da haka kasada ce ba riba.

Na uku: 31 ga Maris

Wannan gajere ne, kuma shi ya fi yi masa ciwo. Ƙanin ne ya hango kayan, ya turo saƙo cewa zai rufe 8:14 na daren Lahadi. Tun Fabrairu Injiniya ya saba ƙara awa ɗaya a kan lokacin Ingila, don haka ya rubuta 9:14 a bangon shago. Bai san a Lahadin ƙarshe ta Maris suke tura agogonsu gaba da awa ɗaya ba, su zo daidai da namu har zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Mu namu ba ya motsi. Ƙarfe 8:14 yana sahu a asham, wayar na aljihu a kashe murya, saƙon tunatarwa ya shigo ya wuce. Ya dawo gida ya shimfiɗa wayoyinsa, ya tarar an tashi kasuwa tun ɗazu, a fam 37.

Lissafi daga baya zuwa gaba

Bayan sallah ya sauya abu biyu. Na farko ya haƙura da yatsansa. Akwai shafukan da aikinsu ke nan, irin su Gixen da eSnipe: ka ba su lambar kayan da iyakarka, kwamfutarsu ta jefa tayin a sakan ɗin da aka tsara, ko wayarka na kashe. Wasu har suna bari ka haɗa gwanjo da yawa a rukuni ɗaya, da ka ci ɗaya su soke sauran. Matsalar ita ce sai ka ba su hanyar shiga asusun, asusun kuma ba nasa ba ne.

“Yaya, katina ne fa a ciki,” in ji ƙanin. “Idan aka kwashe ni wa zan kama?”

Sun kwana biyu a kan wannan. A ƙarshe ƙanin ya cire babban katinsa ya sa wani da ba ya ajiye kuɗi a ciki sai na abin da za a saya, kuma shi ya haɗa komai daga can da hannunsa, don kada shiga daga ƙasa biyu ya sake jawo neman lamba a mummunan lokaci. Ina ganin yaron ya fi yayansa hankali a nan.

Na biyu, kuma a ganina shi ne ainihin abin da ya canja, ya zauna ya fitar da adadinsa da biro a bayan wata takardar rasit. Bai fara da nawa ake sayarwa ba, ya fara da nawa zai iya rabuwa da shi har kaset ya shigo hannunsa ba tare da an taɓa kuɗin makarantar yara ba. Ya tsaya a naira 120,000. Ya cire 13,000 na rabonsa a kago da motar da za ta kawo daga Legas, saura 107,000. Fam tana wajen naira 1,900 a lokacin, ya samu fam 56 da 'yan kai. Ya cire kusan fam 4 na aike a cikin Ingila, saura 52. Sannan ya duba jerin waɗanda aka riga aka sayar, ba waɗanda ake tallatawa ba, ya ga 52 ba ta yi nesa da kasuwa ba. Kuɗin da mai kaya ya rubuta buri ne. Tun da aka sayar da kaset ɗin Super Mario 64 da ba a ɓare ba a kan dala miliyan 1.56 a Heritage Auctions a Yulin 2021, duk wanda ya tsinci kaset a ɗakin ajiyar kakarsa gani yake ya tsinci zinare.

A kan 52 ɗin ya ɗora kwabo 63. Dalilin shi ne mutane suna son adadi mai kai, 45, 50, 52, 55, kuma a eBay idan iyakarka ta fi ta wancan ko da kwabo ɗaya ne kai ke sama, muddin tayinka ya kai mafi ƙarancin abin da allo ke nema a lokacin da ya shiga.

Kafin nan ya so ya kauce ta Japan, inda wasan ya fito a na'urar Nintendo ta Super Famicom da wani suna. Wani da ya saba saye ta wajen dillalan intanet irin su Buyee ya ce masa kada ya kai kwanton ɓaunarsa can. A gwanjon Yahoo na Japan mai kaya yana iya kunna ƙarin lokaci, duk tayin da ya ɗaga farashi a minti biyar na ƙarshe sai a ƙara wasu biyar. Ka fito daga maɓoya a sakan na ƙarshe, ka tarar an ba kowa lokacin juyowa ya dube ka. Can Zango ce sak, sai kowa ya yi shiru ake sallamawa.

Na huɗu: ƙarshen Mayu

Tun kwana huɗu kafin rufewa ya nemi mai kayan ya turo hoton bayan kaset da na haƙoransa da tsakiyar littafin. Takardar jikin ta ɗan kwaile a kusurwa ɗaya, abin da ya ƙara masa natsuwa, don na kwafi sabo fil yake zuwa. Ya saka 52.63, sakan shida, ya rufe shafin. Ya ce mini abin da ya fi wuya a kwanakin nan shi ne hana kansa komawa ya mayar da ita 55.

Daren Lahadin hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, aka ɗauke wuta, layin waya ya koma sanda ɗaya. Muna zaure da fitilar caji, ruwa na dukan kwano har ba ma jin juna sosai. Lokacin rufewa ya zo ya wuce ba mu ga komai ba. Sai bayan minti bakwai saƙon ƙanin ya shigo: “Yaya, an samu. Turo kuɗina.”

Da safe muka buɗe tarihin tayin. Wani ya riƙe kayan tun farkon mako da iyakar 45, allo na nuna 31 har saura sakan goma. Saura takwas wani ɗan kwanton ɓauna ya jefa 52, farashi ya tashi zuwa 46. Saura shida na Injiniya ya shiga. Allo 47 yake nema, don haka an karɓa, kuma ya fi 52 da kwabo 63, sai aka tsayar da farashi a kan iyakarsa cif. Daga nan duk mai shigowa sai ya kawo 53.63. Wanda ya shirya 53 yana jiran sakan na biyu, ko da ya fi Injiniya, na'ura ba za ta saurare shi ba. Idan 'yan kwanton ɓauna suka haɗu a kan kaya ɗaya da adadi kusa da juna, wanda ya ɗan riga shi ke da rinjaye, saɓanin abin da Injiniya ya yi imani da shi daren da ya ƙi dannawa a goma.

To me dabarar ta saya masa? Ba arha ba, don ko kwabo bai rage daga iyakarsa ba. Ba ta kuma kare shi daga mai 52 ba, kwabo 63 ne suka yi wannan, kuma da mutumin ya rubuta 60 da an wuce wurin. Wanda ta kare shi daga gare shi mai 45 ne, wanda ya kwana shida yana ganin sunansa a sama, kuma da an ba shi minti biyar ina kyautata zaton zai ƙara. Sai kuma mutum na biyu, wato Injiniyan Fabrairu, wanda yanzu ba shi da sakan ɗin da zai fusata a ciki. Shi bai yarda da wannan fassarar tawa ba, ya ce shi dai dabara ce ta yi aiki.

Akwai kuma abin da nake tsokanarsa da shi har yau. Duk tsawon watannin nan akwai wani mai shago a Ingila da ya sa irin kaset ɗin a kan fam 65, saye kai tsaye ba gwanjo. Wata huɗu, da kiran mutum a bakin aiki, da rubutu a bango, fam goma sha biyu da 'yan kwabbai suka tsirar. Ya ce a naira ai ta haura dubu ashirin, kuma wancan littafinsa ba ya ciki. Na duba, yana ciki.

Kayan sun iso ana saura kwana kaɗan babbar sallah, cikin wani kwali tare da takalman yara da man shafawa na matar wani. A shago ya kwance shi. Ya ɗauko sukundireban nan mai bakin rami da ake kwance kasusuwan Sega da shi, ya buɗe bayan, ya kai allon ƙarƙashin gilashin da yake duba wayoyi, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Ya goge haƙoran da auduga da sifirit, ya mayar. A shafin ƙarshe na littafin wani yaro ya rubuta dogon layin kalmar sirri ta ci gaba da gasa da jan biro, ya soke, ya sake rubutawa a ƙasa.

Da daddare muka haɗa a gidansa. Ya ɗauki Najeriya, ya bar mini Ajantina, ya ci ni 2 da nema, na miƙa wa babban ɗansa fad. Yaron ya juya shi a hannu yana neman sandar da ake murzawa da yatsa, ya ce, “Baba, wannan ai ba ta da analog.” Injiniya bai ji shi ba, yana duba wayarsa. Akwai wani fad mai maɓalli shida na asali da zai rufe Lahadi mai zuwa, kuma bai rubuta adadinsa ba tukuna, yana jiran ya ji yadda fam ta kwana.